CINIKIN BIRI A SAMA: MU DA EJAN-EJAN ƊINMU NA CHANA

Yau dai masu karatu sai ku yi mini haƙuri, zan ɗan jingine zancen littafi in shiga kasuwa, ko da yake ƙofar da zan bi in shiga ɗin ma ta cikin littafin take. Duk wanda ya daɗe yana karanta ƙagaggun labaranmu ya san Alhajin nan, ko dai mahaifin yarinya ko kuma mijin da za a ɗaura mata, wanda a shafi na biyu za a ce mana hamshaƙin ɗan kasuwa ne mai harka tsakanin Dubai da Chana. To, daga nan shi ke nan. Har littafi na uku ya ƙare ba za ka ji abin da yake sayowa ba, balle wanda ke ƙera masa, ko sunan garin da masana'antar take. Masu sharhi sukan ce wannan lalacin marubuta ne, ba su yin bincike. Ni kuwa cewa na yi marubutan nan gaskiya suka rubuta, domin Alhazan zahiri da yawa, in ka titsiye su, su ma ba su san amsar ba. Abin da suka sani shi ne lambar wayar ejan.

Wannan ejan ɗin shi ne abin maganata a yau. Ina nufin mutum ko kamfanin da ɗan kasuwa zai damƙa wa aikin nemo masa masana'anta a wata ƙasa, ya yi masa ciniki, ya karɓi samfur, ya biya kuɗi, ya duba kaya, ya loda a kwantena. Tallarsu ta cika Facebook da WhatsApp da TikTok, kuma duk waƙar ɗaya ce: zauna a shagonka, turo hoton abin da kake so, turo kuɗi, sauran aikin namu ne. Ra'ayina a kan wannan tsari, ba tare da kwana-kwana ba, shi ne: ɗan kasuwar da ya ba wani aikin sanin wanda ke yi masa kaya, to kasuwar ya bayar ɗungurungum, sai dai ba a rana ɗaya za a karɓe ta daga hannunsa ba. Ana iya ba da aiken ɗaukar kaya, ana iya ba da aiken tafinta, amma ba a ba da aiken ido.

Kafin wani ya ce na tsani dillalai, bari in fara da ba sana'ar haƙƙinta. Tsohuwar sana'a ce, kuma ta yi manyan mutane. A 1906 aka kafa kamfanin Li & Fung a birnin Guwanzu, wanda Turawa ke kira Kanton. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa shi, Fung Pak-liu, babban jarinsa shi ne ya iya Turanci a lokacin da masu tangaran da siliki na Chana ba su iya ba, Amurkawan da ke son kayan su kuma ba su jin Sinanci. Jikansa Victor Fung ya bayyana a wata hira a 1998 cewa la'adar kakan nasa kashi 15 cikin ɗari ce, a kan tafinta kawai. Ya kuma kwatanta yadda aikin ya koma a zamaninsa: mai kanti a Turai zai ce yana son riguna dubu goma, sai su sayi zare a Koriya, a saƙa a rina a Taiwan, a sayo zif na wani kamfanin Japan da ke ƙerawa a Chana, a kai Tailan a raba wa masana'antu biyar su ɗinka, cikin 'yan makonni kaya su isa kanti kamar daga ɗaki ɗaya suka fito. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a yi shi kyauta. A lokacin da tauraronsa ke haskawa, kamfanin yana hulɗa da masana'antu wajen 15,000 a ƙasashe fiye da 40, alhali shi kansa ba da keken ɗinki ya yi suna ba. Ku riƙe wannan a zuciya, domin zan dawo kansa: wanda ya san masu saye ya kuma san masu ƙerawa, shi ne ya zama babba.

Mu kuma mun faɗa cikin wannan kogi ne gadan-gadan bayan Chana ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a watan Disamba 2001. 'Yan Kantin Kwari da Sabon Gari da Wambai, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda a da iyakarsu Dubai ko Jidda, suka gano cewa Dubai ɗin ma sari take yi. Sai aka miƙe Guwanzu, unguwannin Xiaobei da Sanyuanli suka cika da baƙar fata. Masu yadi suka gano Keqiao da ke lardin Zhejiang, masu ƙananan kaya suka gano Yiwu, masu wayoyi suka gano Shenzhen. A wancan lokacin mutum da ƙafarsa yake zuwa, ya sha wuya, ya ci abincin da bai saba ba, ya yi ciniki da kalkuleta da nuni da yatsa, amma ya dawo da sani. Abin da ya sauya al'amarin shi ne annobar korona. Daga Maris 2020 Chana ta rufe ƙofarta ga baƙi, ba ta sake buɗewa sosai ba sai farkon 2023. Shekara uku cur babu zuwa, dole kowa ya nemi wanda ke can ya riƙa yi masa aike. Wannan larura ce, ban ga laifin kowa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne an buɗe ƙofa, amma larurar ta zama ɗabi'a, har ta zama abin alfahari. Sai ka ji mutum yana bugun ƙirji wai shi daga kan katifarsa yake oda.

To bari mu duba yadda odar kan katifa take tafiya. Tambayar farko da ya kamata kowa ya yi wa kansa ita ce: wa ke biyan ejan? Za ka ce ni mana, muna da yarjejeniya, kashi biyar cikin ɗari. Madalla. Mu ɗauki misali, a ce kayan dala 40,000 ka yi oda. Kamashonsa dala 2,000, wannan ita ce wadda ka gani da idonka. Amma a ce farashin da masana'anta ta yanka masa dala 37,000 ne, ya ce da su su rubuta 40,000 a takarda su ajiye masa ragowar. Ka ga nan ya samu 3,000 daga wancan ɓangaren. Yanzu don Allah, tsakanin kai da ka ba shi dubu biyu da masana'antar da ta ba shi dubu uku, yaron wa ne shi? Ranar da kaya suka fito da matsala, launi ya kauce ko awo ya gaza, bayan wa zai bi? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Kuma ba nan aljihun ya ƙare ba. Akwai na canji, domin naira kake turawa, shi zai gaya maka nawa ta zama a kuɗin yuwan, kuma tun da aka saki naira a Yuni 2023 ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kan dala ɗaya a farkon 2024, ɗan bambanci kaɗan a kan kowace dala kuɗi ne mai kauri. Akwai na jigila, domin shi zai zaɓi kamfanin da zai ɗauko kaya, shi zai ce maka ga girman wurin da kayanka suka ci a kwantena. Akwai kuma wanda mutanenmu da yawa ba su ma taɓa jin labarinsa ba: gwamnatin Chana tana mayar wa mai fitar da kaya waje harajin da aka biya a kansu, wanda a kan kaya da yawa, har da yadi da tufafi, yakan kai kashi 13 cikin ɗari, matuƙar an yi cinikin da rasit na haraji. Da sunan wa aka fitar da kayanka? An saka wannan rangwame cikin farashin da aka ba ka, ko kuwa wani ya karɓe ya yi shiru? Ban ce kowane ejan yana cin waɗannan duka ba. Abin da na ce shi ne tsarin da kansa an gina shi ta yadda mai amana da maci amana kamarsu ɗaya a idon mai kaya, tun da ba shi da hanyar bambancewa. Kuma kamasho na kaso, ko a hannun waliyyi yake, yana nufin duk lokacin da kayanka suka ƙara tsada ejan ya ƙara samu. Wane irin wakili ne wannan da asararka take zama ribarsa?

Abu na biyu shi ne ɓoye masana'anta. Gwada ka ce da ejan ya ba ka sunan kamfanin da adireshinsa da lambar manajan, ka ji yadda murya za ta sauya. Zai ce sirrin sana'a ne. Daga ɓangarensa yana da hujja, tsoro yake kada ka tsallake shi. Amma daga ɓangarenka fa? Ka biya kafin alƙalami kashi 30, za ka cika kashi 70 kafin a loda, duk a kan wani gini da ba ka san ko akwai shi ba. Sau da yawa wanda ejan ke kira masana'anta shi ma ɗan sari ne mai ofis da teburi da kataloji, shi kuma ya ba wata masana'anta, ita kuma in aiki ya yi mata yawa ta yanka ta ba wata ƙarama a ƙauye. Bidiyon injuna da aka turo maka a waya, wa ya ce maka a nan ake yin naka?

Kada ku ɗauka mu ƙanana kaɗai wannan ke ci. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka, mai 'yar tsanar Barbie, ya janye kayan wasan yara kusan miliyan ɗaya a tashin farko saboda an samu dalma a fentinsu. Masana'antar da ta yi kayan ta daɗe tana yi musu aiki, amma fentin daga wani waje ta sayo shi, wanda ba a tantance ba. A Nuwamba 2012 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Tazreen a Bangaladash, mutum fiye da 110 suka mutu, aka tsinci kayan kantin Walmart a cikin toka. Walmart ya ce shi bai ba da izinin a yi masa ɗinki a can ba, wani mai kawo masa kaya ne ya karkatar da aikin ba da saninsa ba. Wata biyar bayan nan, ranar 24 ga Afrilu 2013, benen Rana Plaza ya rufta a kan masu ɗinki a kusa da Dhaka, mutum 1,134 suka rasu, wasu manyan kamfanonin Turai kuma sai da suka yi kwanaki suna binciken takardunsu kafin su iya cewa ko ana yi musu kaya a ginin ko ba a yi. Jama'a, in kamfanoni masu lauyoyi da ofisoshi a Hong Kong za su wayi gari ba su san inda ake yi musu kaya ba, ina ga Alhaji mai shago biyu a layin Kwari da waya ɗaya a hannu? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Akwai kuma wata cuta da wani Ba'amurke mai suna Paul Midler, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki na tsakani a kudancin Chana, ya bayyana a littafinsa Poorly Made in China na 2009, wato zaizayar inganci a hankali. Odar farko za ta zo tsaf kamar samfur. Ta biyu a rage kaurin yadi kaɗan, yadda hannu ba zai ji ba. Ta uku a ƙara roba a cikin auduga. Ta huɗu turmin da aka ce yadi shida ne, in tela ya shimfiɗa sai ya ga ya gaza. Ba rana ɗaya ake yi ba, ana yi ana kallon ko za ka yi magana. Matan da ke karanta wannan shafi sun fi ni sanin ƙarshen labarin, domin su ne ke sayen atamfar fitar biki ta zuba a wankin farko, su ne ke ɗinka shadda ta yi sheƙi ranar Sallah, bayan sati biyu ta koma kamar tsumma. Sai a ce ai kayan Chana ne. A'a. Chana tana yin na dubu, tana yin na miliyan. A ƙasar ake haɗa yawancin wayoyin iPhone. Abin da ka nema, ka biya, ka kuma tsaya a kai, shi za a ba ka. In wanda ya sayo shi ne kuma zai duba ya ce maka lafiya lau, to ka ba kura ajiyar nama ka kuma naɗa ta mai binciken rumbu.

Amma duk waɗannan ƙananan asara ne in aka gwada da ta uku, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ita ce asarar sani. Mu da muka gaji fatauci bai kamata a koya mana wannan ba. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan kamfani suna son amfanin gona amma ba su san ƙauye ba, ba su san manomi ba, ba su jin Hausa. Sai suka nemi 'yan ƙasa su yi musu sayayya. Alhassan Ɗantata, wanda ya riga ya goge a fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa ga Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC. A yaren yau, ejan ne. To wa ya tashi da sanin ƙasa, da yaran da ke kowane ƙauye, da amanar manoma? Shi ne. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, kuma gidan na nan har gobe. Darasin a fili yake: a kowane ciniki na nesa, sani yana taruwa ne a hannun wanda ke tsaye a tsakiya. A zamanin gyaɗa mu ne a tsakiyar. Yau mun tashi da kanmu mun ba wasu kujerar, muna kuma biyansu su zauna.

Ku duba abin da ɗan kasuwa ke miƙa wa ejan da masana'anta duk lokacin da ya yi oda. Yana gaya musu irin zanen da matan Kano ke so bana, da launin da ke tafiya a Sakkwato amma ba ya tafiya a Maiduguri, da watan da za a fara sarin kayan Sallah, da farashin da talaka zai iya biya. Wannan shi ne ilimin da kakanninmu suka tara a kan jaki da raƙumi, shi ne kaɗai abin da muke da shi wanda su ba su da shi. Mu kuwa me muke karɓa a madadinsa? Kwantena. Bayan oda biyar sun san kasuwarka ciki da bai, kai ko sunan titin masana'antarsu ba ka sani ba. Daga nan sai ka ga zanenka a shagon maƙwabcinka da rahusa. In ka biya kuɗin mazubin da ake zuba robar bokitinka ko takalminka, yana can a hannunsu, ranar da kuka ɓata ba ka da hanyar ɗauko shi. In kana da tambari, ka sani a dokar Chana wanda ya riga yin rajista shi ne mai shi, ko da kai ka ƙirƙiro, kuma mai rajistar yana iya sa kwastan na can su tsare kayanka a tasha. Mataki na ƙarshe kuma mun riga mun gan shi da idonmu: mai masana'anta ya ga ba ya buƙatarka, ya biyo kayansa har Kano ya kama sito. A Mayu 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan Chana 45 a Kano kan zargin kasa kaya a kasuwar yadi, 'yan kasuwa suka yi ta murna. Amma wa ya nuna musu hanyar Kwari? Kame ba ya mayar da sanin da aka riga aka bayar.

Abin baƙin cikin ma shi ne akwai lokacin da kogin nan ta wancan gefen yake gangarowa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna. A shekarun 1960 wani attajirin Hong Kong, Cha Chi-ming, shi ya taso ya zo Kakuri ya kafa UNTL, yana saƙa audugar Funtuwa da Gusau da hannun 'ya'yanmu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ɗora wa ejan wannan gawa ba, rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri da sakacin gwamnati su suka kashe su. Amma ina tambaya: in har muna mafarkin wata rana injunan nan za su sake juyawa, wa zai juya su? Ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa a cikin masana'anta, ya ga yadda ake rini da bugu, ya san kuɗin zare da na wuta da na ƙwadago, shi ne wata rana zai ce ai wannan sashen zan iya yi a gida. Wanda iyakarsa hoto a waya, shi da jikokinsa sari za su yi ta yi.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za a ce biza tana da wuya, tikiti ya yi tsada, mai jarin miliyan biyar ba zai kashe rabinsa a hanya ba. Gaskiya ne. Za a ce ba mu jin yarensu. Gaskiya ne. Za a ce zaman can ma ba daɗi, a tuna mini da Afrilu 2020 lokacin da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidaje da otal-otal a Guwanzu da sunan korona, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Chana ya nuna masa bidiyo. Wannan ma ya faru. Sai kuma babbar hujja, wadda ta fi taɓa zuciya: ai ejan-ejan ɗin nan da yawa 'ya'yanmu ne, ɗalibai ne da suka je karatu suka koyi yaren, da wannan suke biyan kuɗin makaranta, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Na yarda ɗari bisa ɗari, na kuma san irinsu. Amma ku lura, duk waɗannan hujjoji suna nuna cewa muna buƙatar mataimaki ne. Babu ɗaya a cikinsu da ta ce mu rufe ido. Kuma ejan na kirki ba abin da zai rasa in an buɗe littafi, sai ma ya huta da zargi. Wanda haske ke ɓata wa ciniki, shi ya san abin da yake sayarwa.

A tsarinmu na da ma ai akwai mai masauki. Bafatake in ya sauka a Salaga ko Kumasi ko Sabon Ibadan, maigida ne ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Amma la'adarsa sananniya ce, ciniki a gaban mai kaya ake yi, kuma in ya ci amana akwai sarkin zango, akwai jama'ar da za ta daina sauka a gidansa. Ejan na intanet ba shi da zango, ba shi da sarki. In ya kashe waya ya sauya suna, wa za ka kai wa ƙara, a wace kotu, da wace takarda? Hoton hirar WhatsApp?

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata, kuma babu wanda ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari a ciki. Na farko, a daina kamasho na kaso, a yanka wa ejan ladan aikinsa tsararre, mai kyau, wanda zai ishe shi, a rubuta cewa ba zai karɓi komai daga masana'anta ba. Na biyu, sunan masana'anta da hoton lasisinta su zama sharaɗi kafin kobo ya fita. Kowane kamfani a Chana yana da lambar rajista mai harafi 18, gwamnatinsu tana da shafin intanet da ake dubawa kyauta, kuma lasisin yana faɗar ko kamfanin mai ƙerawa ne ko mai saye da sayarwa. Kuɗi kuma su tafi asusun kamfanin da ke kan lasisin, ba asusun wani mutum ba. In ejan yana tsoron a tsallake shi, a rubuta masa cewa yana da ladansa a kan kowace oda har shekara biyu ko uku, wannan adalci ne. Na uku, mai saye daban, mai dubawa daban. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su SGS da Intertek da Bureau Veritas, da wasu ƙanana masu sauƙin kuɗi, kuma kada a cika kashi 70 sai rahotonsu ya zo. Takardar SONCAP da ake nema a tashar jirgin ruwa ba za ta gaya maka ko launin da ka zaɓa aka yi maka ba. Na huɗu, a rubuta komai da lamba: nauyin yadi a kowace murabba'in mita, faɗinsa, tsawonsa, kason auduga. A sa hannu a samfur biyu, ɗaya a can ɗaya a nan. Kalmar "mai kyau" ba ta da ma'auni a kotu. Na biyar, mazubi da zane da tambari a rubuta na wane ne, a kuma yi rajistar tambarin a can kafin a fara aiki.

Na shida, wanda ya fi duka, shi ne a je. In mutum ɗaya ba zai iya ba, mutum goma na layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su tura ɗaya daga cikinsu, bana wannan baɗi wancan. Bajekolin Kanton, wanda aka fara tun 1957, sau biyu ake yinsa a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma a can masu masana'anta da kansu suke zama a rumfa. Ƙungiyoyin kasuwanninmu da ke tara kuɗin shara da na gadi da na tarbar 'yan siyasa, me zai hana su ɗauki nauyin yara biyar su koyi Sinanci da aikin duba kaya, su zama ma'aikatan ƙungiya masu albashi, waɗanda in sun yi ba daidai ba an san gidan ubansu? Me zai hana a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, a rubuta masana'antar da ta cika alkawari da wadda ta saɓa? Amsar ita ce hassada, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa hanya, alhali mutumin da ke can ya san hanyoyinmu duka.

Ku tuna da Li & Fung da na ce ku riƙe. Manyan kantunan Amurka da Turai da suka yi shekaru suna dogaro da shi, a hankali suka gane abin da suke bayarwa, da yawa suka buɗe ofisoshin sayayya na kansu suka riƙa zuwa masana'anta kai tsaye. Cinikinsa ya yi ta raguwa, har a 2020 aka cire shi daga kasuwar hannun jari ta Hong Kong bayan shekara 28 a cikinta. Masu kuɗin duniya sun karɓe idonsu daga hannun dillali mafi ƙwarewa a doron ƙasa, mu kuma a daidai wannan lokacin muke miƙa namu ga wanda muka haɗu da shi a TikTok.

Ni ba ni da kwantena a kan ruwa, ba ni da shago a Kwari. Amma ina sayen atamfa, ina da 'yan'uwa da ƙannen da suka zuba gadonsu da kuɗin adashinsu a wannan harka, kuma ina jin ciwon ganin jikokin madugai sun koma masu jiran a turo musu hoto. Duk ejan ɗin da ya ga na yi masa rashin adalci, fili a buɗe yake, ya rubuto, amma ya fara da gaya mana ko yana ba masu kayansa sunan masana'anta. Ku kuma 'yan kasuwa, Bahaushe ya gama magana tun kafin a ƙera jirgin sama, da ya ce zuwa da kai ya fi aike. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu kasuwa mai albarka.